Kifin Da Ake Yaudara Da Gashin Zakara

Duk wanda ya tashi a bakin ruwa ya san abin da kan faru ran da aka sha ruwan sama da dare har shinge ya fito. Yara na bin sa da kwano a gindin fitila, gari na wayewa kaji da ƙadangaru su yi ta wawaso, wanda iska ta kwasa ta zuba a kogi kuwa rabon kifi ne. To, a wannan wata za mu kai masu karatu wata ƙasa inda aka mai da irin wannan rana wasa da ilmi, har ana rubuta littattafai, ana kuma ɓatawa da juna a kanta. Ƙasar ita ce Ingila, kogin kuwa sunansa Test, a lardin Hampshire da ke kudancin ƙasar.

Test ba wani babban kogi ba ne. Tsawonsa kamar kilomita 64 ne, in aka jera shi da Binuwai ko Volta sai a ce rafi. Ruwansa ne ya ɗaukaka shi. Daga ƙarƙashin duwatsun alli yake ɓuɓɓugowa, garai-garai, da sanyin wajen digiri 10 a idon ruwa ko wane lokaci na shekara, har mutum na tsaye a gaɓa yana ƙirga kifayen da ke ciki. Koguna irin wannan kaɗan ne a duniya, kuma kusan kashi 85 cikin 100 nasu a Ingila suke.

Kifin da ake nema shi ne tirawut, mai ɗigo-ɗigon baƙi da ja a jiki, wanda ba ya rayuwa sai a ruwa mai sanyi da tsabta. Yakan zaɓi wuri guda ya tsaya yana fuskantar inda ruwa ke tahowa, yana jiran abin da za a kawo masa. Ga ido, ga tsoro. Inuwar mutum kaɗai ta isa ta kore shi.

Amma daga tsakiyar watan Mayu zuwa farkon Yuni hankalinsa kan gushe, saboda wani ƙwaro mai dogon fiffike da jela uku da ake kira ƙwaron Mayu. Rayuwar wannan ƙwaro abin mamaki ce. Yakan yi kusan shekara biyu yana tsutsa a cikin laka da yashin ƙasan kogi. Ran da lokaci ya yi sai ya taso sama, fatarsa ta tsage, ya fito da fiffike ya zauna a kan ruwa yana bushewa. In ya tsira daga nan sai ya tashi ya sauka a ganye, ya sake yin saɓa, alhali a duk cikin ƙwari danginsa ne kaɗai ke saɓa bayan sun yi fiffike. Ba shi da bakin cin abinci, don haka kwanansa ɗaya ne ko biyu. Da yamma mazan kan taru suna sama suna ƙasa kamar masu rawa, a yi barbara, matan su zuba ƙwai a ruwa, su faɗi matattu da fiffike a baje. Dubbai ne suke yin haka a lokaci guda, shi ya sa manyan kifayen da ba a ganin su duk shekara sukan fito fili suna lodi. Turawa na yi wa kwanakin laƙabi da mako biyun ɗan koyo, wai don ko wanda bai iya ba zai kama. Masu yi sun ce zancen ya fi gaskiyar daɗi, domin kifin da ya ƙoshi da na gaske ba ya saurin karɓar na ƙarya.

Na ƙaryar nan shi ne dukan sana'ar. Ba tana, ba gari, ba wani abin ci a ƙugiya. Gashin wuyan zakara ake ɗaurawa da zare da ɗan gashin dabba, har ƙugiyar ta yi kama da ƙwaron da ke fitowa a wannan sa'a, girma da launi. Gashin zabo ma na cikin kayan aikin. Da yake abin ba shi da nauyin da za a jefa, igiyar ce aka yi mai nauyi. Mai fatsa zai riƙe sanda mai lanƙwasa ta wajen ƙafa 9, ya yi ta kaɗa igiya gaba da baya a iska, sa'an nan ya sauke ƙwaron a hankali gaba kaɗan da inda kifi ke tasowa, ya bar ruwa ya kawo masa. In igiya ta ɗan ja shi ya kauce wa tafiyar ruwa, to an gama, kifi ya gane. Sau da yawa da rarrafe ake matsowa, ka ga dattijo mai kuɗi gwiwa a ƙasa cikin ciyawa.

Bayan Yuni aikin kan ƙara wuya. Ƙwarin Yuli da Agusta ƙanana ne, galibi sai rana ta kusa faɗuwa suke fitowa, ruwa kuma ya ragu, kifi ya waye.

A nan ne aka yi wata gardama da ta daɗe. Frederic Halford, wanda ya fitar da littattafansa a 1886 da 1889, ya tsaya a kan cewa ƙwaro mai yawo a saman ruwa shi ne fatsar mutunci. Wani lauya mai suna G.E.M. Skues, da ke fatsa a kogin Itchen na kusa, ya lura cewa yawancin abincin kifin a ƙarƙashin ruwa yake cin sa, tun ƙwaron yana tsutsa, ya kuma rubuta haka a 1910. Har 1938 ana zaman muhawara a Landan a kan maganar, bayan Halford ya daɗe da rasuwa. A ganinmu Skues ya fi kallon kifi, su kuwa sauran sun fi kallon doka. Yau dai ana amfani da hanyoyin biyu.

Abin da zai ba masuntanmu dariya shi ne, yini guda a kan Test lokacin ƙwaron Mayu kan ci fam ɗaruruwa, kuma sau da yawa in an kama kifin sai a cire ƙugiya a mai da shi ruwa. Wata ƙungiyar masu fatsa ta garin Stockbridge, Houghton Club, tun 1822 take nan. Afirka ma ta samu rabonta: a 1905 Ewart Grogan ya kai ƙwan tirawut Kenya aka zuba a kogunan tsaunuka masu sanyi, yanzu kuma ɗimbin ƙwarin ƙaryar da ake sayarwa a Turai da Amurka a Kenya ake ɗaura su da hannu.

Sai dai duk wannan ya rataya ne a kan ƙwaro da sanyin ruwa, su biyun kuwa suna cikin matsi. Garuruwa na zuƙe ruwan ƙarƙashin allin don sha, najasa da takin gona na shiga kogi, laka na toshe tsakuwar da kifi ke zuba ƙwai. Ruwa in ya haura digiri 20 tirawut ya shiga wahala. A 2022, shekarar da zafi ya wuce digiri 40 a Ingila karo na farko, sai da aka hana mutanen Hampshire ban ruwan lambu da tiyo daga watan Agusta, don kada Test da Itchen su ƙara janyewa.

Masu fatsar da kansu suka zama masu gadi. Duk wata sukan shiga kogi da ɗan koma, su tona tsakuwa da ƙafa na minti uku, su ƙirga tsutsotsin da suka samu. Ta haka aka gano abin da ya faru a kogin Kennet a watan Yuli na 2013. Ruwa na nan garai, kifi na yawo, amma ƙwari sun ƙare a tsawon wajen kilomita 15. Maganin ƙwari ne ya shiga ta magudanar ruwa, wanda aka ƙiyasta bai fi cokalin shayi biyu ba. Mu da muka san masu zuba gamalin a tafki don su kwashi kifi a yini guda, wannan lissafi ya kamata ya tsaya mana a rai. A Kennet ba a ga mataccen kifi yana yawo ba, da ba don masu ƙirga tsutsa ba da an daɗe ba a san komai ba.