Kafin ka saka wa motarka kayan sauti da talabijin, fara tambayar batirinka

Da zarar kaka ta kankama a yankin Funtuwa da Malumfashi, aka fara lodin masara da dawa da waken suya a kasuwannin Ɗandume da Bakori, kuɗi na shiga hannun manomi da direba. Cikin wuraren da kuɗin ke fara zubewa akwai shagon masu kayan sauti. Wani sabuwar a-kori-kura ya saya, yana so a ji tahowarsa tun daga nesa. Wani kuma direban tirela ne da ke shafe kwanaki a hanyar Legas ko Anacha, kan motar nan shi ne ɗakinsa, nan yake ci, nan yake kwana yana jiran layin sauke kaya. A Turai da Amurka ana ƙera motoci musamman don yawon shaƙatawa, da gado da kicin da talabijin a ciki. Direbobinmu sun daɗe da irin wannan zama, sai dai su neman abinci ne ya fito da su. Don haka ba mai ganin laifin wanda ya nemi abin ɗebe kewa. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake sayen kayan: ana farawa da girman allo da ƙarar wufa, batir kuwa sai ranar da mota ta ƙi tashi ake tunawa da shi.

Mu yi lissafi mai sauƙi. Talabijin mai inci 24 na cin kamar wat 30, dikoda kamar wat 10, amfilifaya da wufa ko ba a ƙure su ba za su iya jan wat 60. Wat 100 ke nan. In aka bi da su ta inbata, wadda ita ma tana cinye nata kason wajen juya wutar, batir mai bolt 12 zai riƙa zubar da kusan amfiya 10 kowace awa. Ƙaramar mota yawanci batirinta mai amfiya 60 ne ko 75. Ka kalli fim na awa uku inji a kashe, amfiya 30 ta tafi, wato abin da ya kai kashi 40 cikin ɗari na batir mai 75, shi ma in sabo ne. Batirin mota kuwa ba a yi shi don a tsotse shi a hankali har ya yi ƙasa ba. Aikinsa ya ba da wuta mai ƙarfi ta 'yan daƙiƙoƙi ya tada inji, altaneta ta mayar masa. Duk ranar da aka tatse shi haka, an rage masa kwana. Da asubar hunturu, lokacin da sanyi ya ƙara rage masa ƙarfi, sai ka ji kik na gurnani, yaron mota na neman masu turi. Rediyon mota shi kaɗai, a matsakaiciyar murya, amfiya ɗaya zuwa biyu yake ja.

Masu manyan motoci suna da tasu matsalar daban, kuma ita ta fi cin kuɗi. Daf da sauran tireloli bolt 24 suke aiki da shi, batir biyu ne masu bolt 12 a jere. Yawancin rediyo da ƙananan talabijin na kasuwa kuwa na bolt 12 ne. Abin da wasu masu wayarin ke yi shi ne su ja waya daga batir ɗaya cikin biyun, su kunna rediyo, ya kama, su ce, "Oga, an gama." Lallai zai yi aiki. Amma daga ranar, batir ɗaya na shan wahala fiye da ɗan'uwansa, altaneta kuma tare take cajinsu, ba ta san wanda ya fi yunwa ba. Ɗaya ba ya cika, ɗaya yana wuce ƙima har ruwansa ya riƙa ƙonewa, ƙarshe duka biyun a canja su, direba na zagin mai sayar da batir alhali ba ruwansa. Maganin ƙaramar na'ura ce, konbata, mai sauko da wuta daga 24 zuwa 12, kuma kuɗinta bai kai ko kusa da na batir guda ba.

Sai wayarin ɗin kansa. Duk wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin dashbod na wasu motocin haya ya san abin da nake nufi: wayoyi an fere su da haƙori ko reza, an murɗe, an naɗe da leda ko salatif da zafi ya riga ya narkar, wata jar waya ta bi ta ramin ƙarfe tana goguwa a duk ramin da mota ta faɗa. Fiyus ya ƙone, an tura zaren waya ko takardar azurfa ta kwalin sigari a gurbinsa. Fiyus ba don ado aka sa shi ba, shi ne ke yarda ya mutu don kada mota ta kama. Duk wayar da aka ja daga batir zuwa amfilifaya ko inbata, dole a sa mata nata fiyus kusa da kan batir, kada ya wuce taƙi biyu. Ka kuma kankare bakin wayar ka gani: in cikinta fari ne, alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe, ba ta ɗaukar wuta kamar ta gaske, tana saurin zafi. Motar da ke ɗauke da auduga ko buhunan hatsi, ko jarkar fetur a bayan kujera, ba wurin gwada sa'a ba ne.

A shago za a ce maka, "Alhaji, wannan amfilifaya wat dubu uku ce, in ka kunna ta a Funtuwa sai an ji a Bakori." Lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe, mai PMPO a gefe, ta talla ce kawai. Ta gaskiya ita ce mai RMS, galibi a ƙananan rubutu a bayan kwali, in ma an rubuta. Akwai dabara: juya amfilifayar ka dubi fiyus ɗinta. In mai lamba 10 ne, ninka shi da 14, ka sami 140. Na'urar ba za ta taɓa fitar da abin da ya wuce wat 140 ba, ko wane ne ya rantse maka. Rediyon da aka rubuta wa wat 50 sau huɗu ma, abin da yake bai wa kowace lasifika da wuya ya haura wat 20, kuma a cikin kan mota wannan ya isa har ya yi yawa. Rediyo mai cin memori da filas da Bluetooth, da lasifika biyu ko huɗu masu kyau a ƙofofi, shi ke nan. Mai cin faifai kuwa, ƙurar hunturu da ramukan hanya sun riga sun yanke masa hukunci.

Kada dai a raina rediyo. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi. Wayar hannu ta koma fitila da agogo, rediyo kuwa bai daina magana ba. Kafin ka biya, sa a murɗa maka shi ka tabbatar zangon FM ɗinsa ya kai 108. Tsofaffin rediyoyin da aka yi don kasuwar Japan a 90 suke tsayawa, ba za su kama tasha irin Freedom ta Kano da ke kan 99.5 ba. In ka sami mai matsakaicin zango, ka fi riba, don ya fi FM dogon tafiya, musamman da dare.

Talabijin ita ce aka fi yin asara a kanta. Dish ba ya aiki sai a tsaye, an saita shi daidai. Motsi kaɗan hoto ya ɗauke. Eriya kuma sai kusa da manyan garuruwa. Abin da akasarin direbobi ke kallo a gaskiya shi ne abin da masu tura fina-finai suka zuba musu a memori: Labarina, wa'azi, wasan dambe, ƙwallon da aka riga aka buga. Wannan kuwa waya mai faɗin fuska ko ƙaramar kwamfutar hannu ta wadatar, wutar da take ci ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wancan tarkacen ba. Wanda ya nace sai talabijin, ya nemi mai shan bolt 12 kai tsaye ba sai da inbata ba, ya yi mata batirinta daban, irin na sola, da ɗan faranti a saman mota. Ko motar majigi ta zamanin da, mai zagaya garuruwa tana haska farin ƙyalle a ƙofar fada, da injin wutarta take tafe.

Saura abin da ya fi batir tsada. Mota mai gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Ka kai ido kan allo na daƙiƙa uku, ka yi tafiyar mita 66 ba ka ga hanya ba, a titin da shanu da babura da yara 'yan talla ke tsallakawa. Allon da direba ke iya gani yana tuƙi bai kamata ya nuna fim ba, ko fasinja sun roƙa. Kunne ma kayan aikin direba ne: da shi yake jin hon, da shi yake jin taya ta fara bugawa ko inji ya canja murya. Masana lafiya sun sa ma'aunin ƙara 85 a matsayin iyakar abin da kunne ke jurewa na awa takwas, kuma duk ƙarin 3 yana rage lokacin da rabi. In sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ka wuce gona da iri. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. A hanyoyin da suka ratsa Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara kuwa, ba sai an faɗa wa kowa ba cewa hasken allo da kiɗa da dare tallar kai ne. Kuma kada a kwana a rufe da inji ko ƙaramin janareta a kunne don a yi kallo. Iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da launi ba ta da wari, a cikin barci take kashe mutum.

Direbobi da masu motoci, in za ku kai mota wurin mai wayarin, ku tsaya a kansa har ya gama, ku ce ya nuna muku inda ya ɗauko wuta da inda ya sa fiyus. Shugabannin tasha a Funtuwa da Malumfashi kuma, ku riƙa leƙa motocin da ke kan layi kafin a yi musu lodi.