Takardar Ƙunshin Gyaɗa Ma Tana Tona Asiri

Duk wanda ya saba sayen gyaɗa ko ƙosai a Bromakoté da sauran unguwannin Adjamé, ko a Treichville, ya san irin takardun da ake ƙunshi da su. Wata tsohuwar jarida ce, wata littafin ɗan makaranta. Amma in muka warware muka duba, sau da yawa takardar ofis ce: takardar albashi, sakamakon gwajin jini, ko fotokofin katin shaida, ga suna, ga hoto, ga ranar haihuwa, ga sunan uwa da uba. Mai ƙosai ba ta da laifi, saya ta yi a kilo. Laifin na wanda aka ba amana ya watsar ne.

Mu da muke zaman baƙunci mun fi kowa sanin darajar takarda. Manyanmu ba su manta da katin zama na baƙi da aka fara karɓa a 1991 ba, wanda sai a 2007 aka ɗauke wa 'yan ƙasashen CEDEAO shi. Har yau kuwa ba a sayen layin waya, ko buɗe asusun Orange Money ko Wave, sai da katin shaida. Saboda haka fotokofinmu ya cika shaguna. In ya faɗa hannun mazambatan intanet, waɗanda ake kira burutar a nan, suna iya buɗe layi da sunan mutum su cuci wani, 'yan sanda kuma su zo ƙofar mai sunan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hukuma ba ta bar abin haka nan ba. Doka mai lamba 2013-450 ta ranar 19 ga Yuni 2013 ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan mutane ya tsare su, kada kuma ya ajiye su fiye da bukata, ta kuma ɗora wa ARTCI sa ido. Sai dai kada a yi gaggawa: dokar OHADA ta ce takardun lissafin ciniki a ajiye su shekara 10.

To, in lokacinsu ya cika fa? Yagawa biyu ba ta wadatar ba. A 1979, da ɗalibai suka mamaye ofishin jakadancin Amurka a Tehran, sun tarar da takardun da inji ya yanka zare-zare, suka zauna suka harhaɗa su, har suka buga littattafai. Don haka mai asibiti, ko makaranta, ko kamfanin aika kaya, ya nemi injin da ke daddatsa takarda tsaye da kwance. In kamfani zai ba aikin, a yi shi a gabansa, a ba shi shaida a rubuce.

Mai ƙaramin shago kuwa bokiti ya ishe shi. A jiƙa takardun su kwana biyu, a dama su kamar ƙullu, sannan a zubar. In ƙonawa aka yi, a tabbata an dagargaza tokar, domin rubutu kan fito a jikin ƙonanniyar takarda.

Mu kuma masu bayarwa, mu riƙa rubuta kwanan wata da dalili a kan kowane fotokofi, mu karɓe wanda ya lalace a wurin bugawa. Takardar mutum amana ce, kamar kuɗinsa. Allah ya rufa mana asiri, amin.