Budurwar Hikaya da Waliyyinta Ya Yi Barci

Duk wanda ya duƙufa ga karatun hikayoyin Hausa tun daga shekarun 1980 zuwa yau zai lura cewa marubutanmu, musamman mata, ba su cika ɗora alhakin tagayyarar budurwa a kan azzalumin waje shi kaɗai ba, domin sun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun mashiga, tsagar nan kuwa galibi daga tsakar gida take somawa.

Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka raba ta da makaranta aka aurar da ita tana ƙarama, ta fayyace wannan a littafinta Wa Zai Auri Jahila? na 1990. Mahaifin Abu, jarumar littafin, ya cire ta daga aji, saurayin da aka yi mata alkawari da shi ya ƙi ta saboda jahilcin da ba ita ta zaɓa ba, daga bisani aka miƙa ta ga Sarkin Noma, dattijon da ya isa ya haife ta, har ta rasa mafita face gudu zuwa birni. A nan tilas mai karatu ya dakata, domin ijbari, wato ikon aurar da 'ya da malaman Malikiyya suka bai wa uba, amana ce da aka rataya ga maslahar yarinya, kuma a ganina waliyyin da ya riƙe ikon ya saki maslahar ya tozarta hukuncin da yake fakewa da shi. A wani littafin Balaraba, Alhaki Kuykuyo Ne, kuwa nafaƙa ce ta yanke, Alhaji Abdu ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta tara, ta koma sayar da abinci don su rayu.

Sa'an nan fitinar bindiga ta auko. An kwashe ɗalibai 276 a Chibok a watan Afrilun 2014, aka maimaita a Dapchi a 2018 da Jangebe a 2021, alƙalamin marubuta kuwa ya bi sawun 'yan gudun hijira, har labarin da ya fara cinye gasar Hikayata ta BBC Hausa a 2016, na Aisha Muhammad Sabitu, sunansa Sansani.

Abin da ya fi sosa mini rai a irin waɗannan labarai shi ne yadda musibun biyu, sakacin gida da fitinar bindiga, ke haɗuwa a kan mutum guda. Yarinyar da aka saba aza wa farantin talla tun hantsi, ba mai tambayar inda ta yini muddin ciniki ya cika, ita ce idan gari ya watse take tsayawa a layin rabon hatsi da kwano a hannu, uba ya rasu ko ya ɓace, uwa na fama da goyo, mai rabon kuwa ya riga ya gane cewa babu wanda zai zo bin kadinta.