Damagaram: kafin a sauke bwat, a dubi ƙaramar sanda

Inji na ruri lafiya lau, direba ya ja sanda zuwa D, ya ba ta wuta, amma mota ko gezau. Ya koma R, haka nan. Masu tsofaffin kat-kat a birnin Damagaram sun san wannan safiya, musamman fataken da ke bin hanyar Tanut da Agadas da ma'aikatan da aiki ke kaiwa Gure ko Tesker. Abin da yakan biyo baya shi ne hukuncin garaji: bwat ta mutu, sai an sauke.

Hukuncin nan yana da tsada. Makanikan Zango da Sabon Gari sun ƙware kan bitesin hannu, domin da shi suka tashi. Otomatik kuwa ta yawaita ne da motocin hannu na biyu da aka riƙa shigowa da su ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Kayan gyaranta ba su taɓa yin araha ba tun karyewar darajar sefa a 1994, rufe iyaka da Benin a 2023 kuma ya ƙara nisanta su. Sau da yawa sai an aika Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, mota na zaune ana lissafin kwanaki. Alhali a lokuta da dama ciwon bai kai cikin bwat ba.

Abin dubawa na farko ba ya cin ko dala. Land Cruiser samfurin 80, wadda aka ƙera daga 1990 zuwa 1997, da ire-irenta, suna da ƙaramar sanda kusa da babba, mai matsayi uku: H, N da L. Ita ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Idan yaron mota ya buge ta wajen wanki, ko an fito daga rairayi ba a mayar da ita daidai ba, ta tsaya kan N, to bwat na aikinta amma ƙarfin ba ya isa ƙasa. A nan akwai haɗari: ko an sa P motar na iya gangarawa, don haka a ja birkin hannu tukuna.

Na biyu shi ne mai. Otomatik da ƙarfin mai take kama bitesi. Idan ya ragu, famfon ciki iska yake zuƙa. Ana auna shi a wuri mai daidai, inji na aiki kuma ya yi ɗumi, ba a kashe ba kamar yadda ake auna man inji. Nan ne da yawa ke kuskure. Lafiyayyen mai ja ne garau. Idan ya yi baƙi yana warin ƙuna, faifan ciki sun ci wuta. Idan ya yi kamar an zuba masa nono, ruwan radiyata ya shiga, domin ta cikinta bututun sanyaya man ke bi. Kuma mansa daban ne, irin Dexron ga waɗannan tsofaffin. Wanda ya zuba man inji don sauƙin kuɗi ya sayi wahala da hannunsa.

Ƙasar ma tana da laifinta. Tafiya cikin rairayi mai zurfi a kan H, da lodi, cikin zafin Afrilu da Mayu, tana dafa man fiye da kima. L aka yi domin wannan aiki, amma direbobi na ƙyamarta saboda rashin gudu.

Bayan haka sai a leƙa ƙarƙashi, wani na motsa sanda, a ga ko ƙarfen da ke haɗa ta da bwat na motsi ko ya kwance. Sannan a lura da halin motar. Wadda ke tafiya da sanyin safiya, ta tsaya bayan 'yan mintoci, ta sake tafiya idan an kashe an huta, galibi matatar mai ce ta toshe. Wadda allurar gudunta ke hawa tana tsaye, a nemi karyayyen ƙarfe a ƙafa. A samfurin 80 mai jan ƙafa huɗu kullum, ƙarfe ɗaya da ya karye ya isa ya tsayar da ita, idan an sa L kuma ta motsa. Sai wadda ke zuwa gaba ba ta baya, ko baya ba gaba, mai kuma ya cika: wannan ce ta cancanci a buɗe cikinta, bayan an auna ƙarfin man da agogon awo.

Turi ba ya tayar da otomatik, domin inji ne ke juya famfonta. Saboda wannan dalili, janta da igiya daga Tanut har Damagaram, ƙafafu a ƙasa inji a kashe, yana ƙona abin da ya rage da rai. Ko a kwance dogayen ƙarafan da ke kai ƙarfi ga ƙafafu, ko a ɗora ta kan babbar mota.