TAKARDUN MATAFIYI: YADDA AKE TSARE SU

Bayan girbi, samari da magidanta da yawa suna tafiya ci-rani. Wasu su nufi Kano ko Legas, wasu Kotonu ko Abijan. A iyaka, kamar Ɗan Isa ko Birnin Ƙonni, da kuma a kan hanya, ƴan sanda da jandarmomi suna tambayar takardu. Wanda ba shi da su, ana iya sauke shi daga mota, guzurinsa ya ƙare tun bai kai ba.

Takardu uku ne suka fi muhimmanci: katin ɗan ƙasa, wato kartidantite, da fasfo, da katin allurar shawara. Tun shekarar 2016, allurar shawara guda ɗaya ta isa mutum har iyakar rayuwarsa, amma sai ya nuna katin. Fasfo kuwa yana da wa'adi, kuma an rubuta ranar ƙarewarsa a ciki. Matafiyi ya duba ta kafin ya tashi. A shekarar 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga CEDEAO, aka fito da fasfon AES. Tsohon fasfo yana aiki har wa'adinsa ya cika.

Ruwa da zufa da gara suna ɓata takarda. Saboda haka a sa ta cikin leda, sannan cikin ƴar jakar fata. A rataya jakar a wuya, ƙarƙashin riga, kamar laya. Kada a sa ta cikin kayan da ake ɗaurewa bisa mota. Kada a haɗa ta da kuɗi, domin ɓarawon tasha kuɗi yake nema, sai ya kwashe duka.

Kafin tafiya, a yi hotokofi biyu na kowace takarda, a kai ma'aikatar magajin gari a buga musu hatimi. Ɗaya ya zauna gida wajen mai ɗaki ko wani dattijo. Ɗaya a sa cikin wani aljihu daban. Takardar haihuwa ta asali ta zauna gida cikin akwati, domin da ita ake neman sabon kati. A kuma rubuta lambar fasfo cikin littafi.

Fasfo ba abin jingina ba ne. Kada a bar shi hannun dillali, ko mai masauki, ko ubangidan aiki. Wanda aka riƙe wa fasfo ba ya iya komawa gida lokacin da yake so.

In takarda ta ɓata, mutum ya tafi komisariya mafi kusa, ya faɗi, a ba shi takardar shaidar ɓata. In a ƙasar waje yake, ya kai ta ofishin jakadancin Nijar, kamar na Abuja ko ƙaramin ofishi na Kano. Can ake ba da takardar komawa gida. Mai hotokofi da lambar fasfo, aikinsa ya fi sauri.