Takin da Gona Ke Nema Yana Bakin Rijiya

A Ɗan Kassari, kamar sauran ƙasar Arewa, manomi bai taɓa raina kashin shanu ba. Da an gama girbi yakan shirya da makiyayi ya kwantar masa da garke a gona, shanu su ci kara su bar taki, shi kuma ya biya da damman hatsi. Ƙasar wurin jigawa ce, ba ta riƙe abincin shuka, takin zamani kuwa ya yi tsada.

Amma da rani ya tsananta, inda kashin ya fi taruwa shi ne bakin rijiya. A kan tudu rijiyoyi na da zurfi, sai an ɗaura wa sa ko jaki igiya ya ja guga. Igiyar nan tana jan ƙasa cikin laka da kashi da fitsari, sannan ta sake komawa cikin ruwan da mata za su ɗiba. A kwarin Dallol Mawri kuma ruwa kusa yake, ƙasar yashi ce, abin da aka zubar sama ba ya daɗewa ya tsiyaye ƙasa.

Abu biyu ke shiga ruwan. Akwai ƙwayoyin cuta irin su E. coli masu sa yara zawo. Akwai kuma sinadarin naitaret, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a lita ɗaya, domin yana hana jinin jariri ɗaukar iskar numfashi yadda ya kamata. Naitaret ba ya da wari, tafasa ruwa ma ba ta kawar da shi. Ko ƙasashe masu arziki ba su tsira ba: a watan Mayun 2000, a garin Walkerton na Kanada, ruwan sama ya kwashi ƙwayoyin kashin shanu zuwa rijiyar gari, mutum 7 suka rasu, sama da 2,000 suka kwanta.

Abin da ke damuna shi ne yadda ilimin ya rabu. Masanin kiwo yana duba dabba, masanin ruwa yana duba rijiya, wanda zai bi sawun takin tsakaninsu ne ake ƙarancinsa. Ɗalibi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko mai bincike a cibiyar binciken noma ta INRAN zai iya ƙare rayuwarsa a kan wannan, ba tare da aikin ya ƙare ba: auna ruwan rijiyoyi rani da damina, gano tazarar da ta dace tsakanin kwamin shayarwa da rijiya, da lissafin amalanke nawa na taki ake asara a mashaya kowace shekara, alhali gonakin hatsi na nesa da gari ba sa samun ko kwando ɗaya.