Yunifom, silifa da hijabi: abin da ticha mai diyuti ke gani

A kowace sukul ta gwamnati a Gana, tichoci na yin karɓa-karɓa da abin da muke kira makon diyuti. Wanda ya faɗo kansa shi zai riga kowa zuwa, ya sa yara shara, ya jera su asambili, sannan ya bi layi-layi yana duba riga, takalmi, safa, farce da gashi. Shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa a wata JHS da ke gefen Zango a Kumasi, kuma babu aikin da ke haɗa ni da iyaye kamar wannan dubawa ta minti goma.

Ni mai son yunifom ce, kada a yi mini wata fahimta. Wannan yadi mai ruwan ƙasa da ake wa laƙabi da kokonte, shi ne ke sa ɗan mai kanti a Adum da 'yar mai sayar da koko su zauna benci ɗaya ba a gane wa ya fi wa. Kuma in yaro ya yi fashi ya shige Kejetia da ƙarfe goma na safe, rigar nan ce za ta tona shi, don sai wata uwa a kasuwar ta tare shi ta ce me kake yi a nan. Damuwata ita ce dokar ɗaya ce, hukuncin ɗaya ne, amma yaran da ke karya ta dalilansu ba ɗaya ba ne.

Akwai mai taurin kai. Shi ne wanda zai kai wandonsa wurin tela a matse masa, ko ya zazzago shi ƙasa da ƙugu, salon da muke ce wa Oto Fista, ko ya zo da askin 'yan ƙwallo. Wannan ba ya ba ni wahala. Tun 2017 hukumar ilimi ta GES ta hana bulala, to sai in sa shi shara bayan an tashi, in ya sake in kira ubansa. Galibi kafin mako ya zagayo magana ta mutu.

Akwai kuma wanda babu ce ta karya masa doka. Yarinya ta zo da silifa saboda takalmin ya tsinke. Yaro ya zo da rigar gida saboda yunifom ɗinsa ɗaya ne tak, an wanke, damina ta hana shi bushewa. Abin da aka saba shi ne a ce ya koma gida. Amma duk ticha ya san yaron da aka kora da ƙarfe bakwai da rabi ba gida zai je ba, don uwarsa tana kasuwa, ƙofa a kulle. Zai yi ta yawo har azahar, lissafin safiyar nan kuma ya wuce shi ke nan. Wata uwa da na kira a kan takalmin 'yarta ta ce mini: "Madam, ki yi haƙuri don Allah. In na saya yau, gobe ba ni da jarin wake." Me zan ce mata? Zamanin marigayi Atta Mills gwamnati ta fara rabon yunifom kyauta a yankunan da ke da ƙaramin ƙarfi, amma ba kowane yaro rabon ke kaiwa ba. Abin da muke yi a sukul ɗinmu shi ne, in 'yan aji uku sun gama BECE, mu roƙi su bar mana tsoffin kayansu. Muna da akwati guda a ofis, wani tela a unguwa yana rage mana su a kuɗi kaɗan.

Na ukun shi ne mai nauyi, kuma shi ya fi shafarmu mu mutanen Zango. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kashi 19.9 ne cikin ɗari na mutanen ƙasar nan, wato kusan mutum ɗaya cikin biyar. Sashe na 21 na tsarin mulkin 1992 ya ba kowa 'yancin bin addininsa da bayyana shi. A watan Fabrairu 2015 Musulmi suka yi zanga-zanga a Sekondi-Takoradi a kan hana hijabi, har Shugaba John Mahama ya faɗa a gaban majalisa cewa bai halatta a tilasta wa kowa cire shi ba. Duk da haka, har yau abin da ke yanke hukunci a ƙofar sukul shi ne ra'ayin hedimasta. Wannan ya yarda, na gaba da shi ya ce "ba mu saba ba". Shi ya sa za ka ga 'yan mata sun taho da hijabinsu tun daga gida, suna isowa kwanar sukul sai su cire su cusa a jaka.

Ka duba halin da ticha ke ciki. Na taɓa aiki ƙarƙashin shugaban da ya ce ranar diyuti in tabbatar babu mai abu a ka, alhali ni kaina da mayafina nake tsaye. Yarinya 'yar shekara goma sha huɗu ta dube ni ta ce: "Madam, ke fa?" Na nemi a nuna mini inda aka rubuta dokar. Babu takarda. Umarni ne na baki, kuma in iyaye sun zo da fushi, ni za su samu a ƙofa, ba wanda ya ba da umarnin ba.

Abokan aikina da ba sa so suna da hujjojinsu, kuma na saurare su. Sun ce za a ɓoye takardar satar amsa, sun ce launuka za su yi yawa, sun ce za a tara gashi a ƙarƙashi alhali sauran 'yan mata an aske musu. Duk waɗannan suna da magani. Tun 1987 akwai Sashen Ilimin Musulunci a ƙarƙashin GES, makarantunsa sun ɗinka hijabi cikin yunifom, kuma BECE ɗin da kowa ke rubutawa ita suke rubutawa. Maganar jarrabawa da gashi, ticha mace ta duba yarinya a keɓe, minti ɗaya ya isa.

Makarantun mishan su ma suna cewa coci ne ya gina su, suna da al'adarsu. Gaskiya ne, kuma tarbiyyar nan tasu ce ke sa iyayenmu da yawa ke neman wa 'ya'yansu gurbi a can. Sai dai gwamnati ce ke biyan albashin tichocinsu da harajin kowa, kuma tun 2005 kwamfuta ce ke rarraba yara zuwa SHS. A 2021 Achimota ta ƙi karɓar Tyrone Marhguy da Oheneba Nkrabea saboda gashinsu na Rasta. Ranar 31 ga Mayu na shekarar Babbar Kotu a Ankara ta ce a karɓe su. Tyrone ya fita a 2023 da A1 a darussa takwas na WASSCE. Gashinsa bai hana shi karatu ba, bai kuma rushe Achimota ba. To amma iyaye nawa ne a Aboabo ko Nima ke da halin ɗaukar lauya?

A sukul ɗin da nake yanzu, ba kotu ce ta raba gardama ba, taron PTA ne. An zauna da hedimasta, da limamin unguwa, da wani dattijon coci da jikokinsa ke wurinmu. Aka yarda: hijabi fari, babu ado babu duwatsu, ya rufe kafaɗa amma bajen sukul ya fito. Aka rubuta a takarda ɗaya, aka sa hannu, aka manna a allon sanarwa. Tun daga ranar, in yarinya ta zo da ja ko mai ƙyalƙyali, ina iya tsayar da ita ba tare da an ce na taɓa addini ba, domin ga abin da iyayenta suka amince da shi.

Mu ma da namu laifin. Ranar PTA kujerun mutanen Zango ne ke zama babu kowa, sai an taɓa yaro a zo ana ɗaga murya. Wurin da ake yanke irin wannan magana ke nan, kuma wanda bai zo ba da bakin wani za a yanke masa. Kafin ku sa hannu a takardar shiga sukul, ku karanta jerin kayan da ake buƙata, ku tambayi maganar hijabi tun a ranar, ku ce a nuna muku a rubuce. In takalmi ya tsinke babu halin saye, ku aiko wa ticha saƙo tun da safe, kada ku bar yaro ya zo ya sha kunya a gaban asambili.

GES kuma abu biyu nake roƙo: takarda guda da za ta fayyace launi da tsawon hijabi ga duk sukul ɗin da ke cin kuɗin gwamnati, da umarnin cewa kada a kori yaro daga aji saboda tufafi. A hukunta shi bayan an tashi in ya cancanta, a kira iyayensa, amma a bar shi ya zauna darasin safe.